An hana ni izinin ƙara ɗakin Hajiya a Agege, ina mafita?

Baban Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar gini a garin nan. Gidana yana Agege, shekara 11 ke nan da na saye shi a hannun magadan wani dattijo Bayarabe. Ba bene ba ne, ɗaki uku ne da falo, filin ƙafa 60 da 80. Ta baya akwai sarari kamar mita 8 daga bangon gida zuwa katanga. Bayan rasuwar mahaifinmu bara muka zauna da ƙannena aka ce in ɗauko Hajiya mahaifiyarmu daga Funtuwa, tunda ni ne babba, ga kuma ciwon ƙafa da suga da take fama da su. Wata biyar ke nan tana ɗakin 'yan mata, su suna kwana a falo. Na ce bari in yi mata ciki da falo da banɗaki a jikin katangar baya, a bar tsakar gida a tsakani, kamar dai sashenta na can gida. Maƙwabcina ya ce kada in kuskura in aza bulo ba takarda. Na ji maganarsa, na ba wani mai shige da fice a ofisoshi naira dubu 400 ya yi zane ya shigar. Jiya ya zo mini da takarda wai an ƙi. Ya ce in ƙaro dubu 300 zai san yadda za a yi. Bulo 600 na jibge, yashi tifa guda, damina kuma ga ta nan tafe. Yaya zan yi?

Ɗan Zango: Wa alaikumus salam. Alhaji kai ma da neman magana. Ɗaki a bayan gidanka, cikin katangarka, wa ya aike ka ofis? Wanda bai ji bari ba ya ji hoho, amma kai ba wanda ya ce maka bari, kai ka je ka tambayo ta. Ka samo birkila biyu da lebura huɗu ranar Juma'a da yamma, kafin Litinin an kai linta. Rabin gidajen layinmu haka aka ƙara su, ba wanda ya mutu.

Maman Sadiq: Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya saka maka da alheri. Amma dubu 300 ɗin nan kada ka ba shi ko sisi sai an ga abin da takardar ta ce.

Injiniya: Alhaji, kafin kowa ya ce komai, ɗauki hoton takardar ka turo, ka rufe sunanka da lambar fayil. Ba a ƙin izini haka siddan, ana rubuta dalili. Kai ka karanta ta da kanka, ko shi ya faɗa maka abin da ke ciki?

Baban Ummi: Gaskiya ban karanta ba Injiniya, raina ne ya ɓaci na jefa ta a mota. Ga ta nan na turo.

Injiniya: To alhamdu lillahi. Abin bai kai yadda ka ɗauka ba, kuma ba abu ne da dubu 300 za ta gyara ba. Abu uku suka rubuta. Ginin da aka zana ya manne da katangar baya, ba a bar tazarar da doka ta ce ba. Ba a haɗa da zanen tsohon gidan wanda hukuma ta amince da shi ba. Sannan takardar mallakar fili da aka saka ba ta wadatar ba. Akwai na huɗu da ba su sa masa lamba ba amma ni na gani a kwafin zanen: babu hatimin akitek, wato ƙwararren mai zanen gini, mai rajista, babu na injiniya. Wanda ya yi maka wannan zanen mai kwafe ne a kwamfuta, ya san tun ranar da ya shigar ba zai wuce ba.

Bari in ɗan tsaya a kan na farko, don shi ne yake cin mutanenmu. A Legas, gidan zama na yau da kullum a galibin unguwanni ana son ka bar mita 6 a gaba, mita 3 a kowane gefe, mita 3 a baya. Wato gini a tsakiya, sarari ya kewaye shi. Mu kuwa tun kaka da kakanni akasin haka muke yi: ɗakuna su bi jikin katanga, sarari ya zauna a tsakiya, zaure ya tsare ƙofa. Duk Bahaushen da ka ba fili ka ce ya ƙara ɗaki, ƙafarsa jikin katanga za ta kai shi, ba sai ya yi tunani ba. To abin da ya faru da Alhaji ke nan. Sashen Hajiya na Funtuwa ya ɗauko cak zai dasa a Agege, su kuma ma'auninsu bai san tsakar gida ba, abin da ke tsakanin gini da iyakar maƙwabci kawai yake aunawa. Kuma suna da hujjarsu: iska, haske, hanyar da ruwan rufi zai bi kada ya zuba gidan wani, da wuta in ta tashi kada ta tsallaka. Wanda ya taɓa ganin gobara a layin da gidaje suka haɗa kwano da kwano ya san abin da nake nufi.

Ɗan Zango: Injiniya Turancin nan naka dai. Mita 6 a gaba? A wace Agegen? Zo ka nuna mini gida biyar a Zango da suka bar mita 6. Wani ma ƙofarsa a kan kwata take buɗewa.

Injiniya: Ban musa ba. Tsofaffin gidaje ne, wasu sun girmi dokar, wasu an yi su ba a tambayi kowa ba. Amma kai da ka zo yau neman sabon izini da ma'aunin yau za a auna ka. Kuma shawarar ginin daren nan, da ka ba shi ita kafin ya shigar da takarda da sai in ce ganganci ne. Yanzu ta wuce ganganci. Adireshinsa na cikin fayil, an san abin da yake son ginawa, an rubuta masa a'a. In ya gina, ba zai ce bai sani ba.

Mai Tumatir: Ni fa ra'ayina daban ne. Duk kuɗin da za ka zuba a ƙasar nan ka ɗauka sadaka ka yi. Shekarata 26 a kasuwar Mile 12, ban taɓa sayen ko taku ɗaya ba, haya nake, gidana yana Danja. Ka ga abin da ya sami mutanenmu a kasuwar Alaba Rago da aka rushe. Ranar da suka ga dama katafila za ta zo, da takarda da babu takarda. Don an ga sunanka ne aka ƙi, da ɗan gari ne da tuni an buga masa hatimi. Ka gyara wa Hajiya sashenta a Funtuwa, ka ɗaukar mata mai kula da ita, ya fi maka.

Maman Sadiq: Haba Alhaji Mai Tumatir. Uwa ce fa, ba kaya ba da za a ce a mayar. Mutum ya ɗauko mahaifiyarsa don ya riƙa ganinta safe da yamma, ka ce ya ɗaukar mata 'yar aiki?

Barista: Alhaji Mai Tumatir, ina girmama ka, kuma zafin Alaba Rago duk mun ji shi. Amma maganar kasuwa daban, maganar gidan da mutum ya saya da kuɗinsa daban. Batun suna kuma, a wannan takardar dai ban gan shi ba. A 2023 an rushe manyan gidaje a Ikota ta wajen Lekki saboda sun hau hanyar ruwa, a 2024 aka yi a Mende ta Maryland. Masu gidajen nan ba Hausawa ba ne, kuma sun fi mu kuɗi da sanin mutane. Can gida ma ai ba a barin kowa, Kano tana da hukumar tsara birane ta KNUPDA, kuma duk mun ga rusau ɗin da aka yi a 2023. In muka ce komai ƙabilanci ne, ranar da aka yi mana na gaske ba wanda zai saurare mu.

Baban Ummi, ga yadda abin yake. Dokar da ake aiki da ita ita ce dokar tsara birane ta jihar Legas ta 2010, da ƙa'idojin da aka fitar a ƙarƙashinta a 2019. Hukuma biyu ce mutane ke haɗawa. LASPPPA ita ke ba da izinin gini, ita ke duba zane da takardu. LASBCA ita ke bin ginin in an fara, mataki mataki, ita ce kuma mai jan fenti, mai liƙa takardar dakatar da aiki, mai garƙame gida, har rushewa. Dukansu suna ƙarƙashin ma'aikatar tsara birane da ke Alausa. Kuma tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2003 a shari'ar Legas da gwamnatin tarayya aka tabbatar cewa tsara gari hurumin jiha ne, don haka masu cewa suna da wani a Abuja su adana lambarsa.

Ƙorafi kana da damar yi. Akwai kwamitin ɗaukaka ƙara na harkar tsara birane da gine-gine, kuma irin wannan yana da wa'adi, ba a barin takarda ta kwana a mota. Sai dai in ka zo ofishina zan ce maka kada ka ɓata kuɗinka. Ana ɗaukaka ƙara ne in an yi maka kuskure, misali an ce filinka ya shiga hanya alhali bai shiga ba. Kai kuwa zanenka ya nuna gini a jikin katanga ƙiri-ƙiri. Me za ka je ka ce? Gyara zane a sake shigarwa ya fi sauri ya fi araha.

Wace takarda ke hannunka ta gidan?

Baban Ummi: Rasit na iyalan da suka sayar, da yarjejeniya da muka sa hannu gaban shaidu, har da wakilin Sarkin Hausawa a wurin. Sai takardar safiyo ta tsohon mai gidan.

Barista: Na zata. Wannan ita ce babbar matsalarka, ba ɗakin Hajiya ba. Shaidun nan suna da amfani in rigima ta taso tsakaninka da magada, amma gwamnati ba su take nema ba. Tun dokar amfani da ƙasa ta 1978, filin birni yana hannun gwamna ne a matsayin amana. In tsohon mai gidan yana da C of O, wato takardar mallakar fili ta gwamnati, ko wata takarda mai rajista, to cinikinku sai an nemi amincewar gwamna a kansa kafin ya cika a idon doka. In ba shi da komai sai rasit irin naka, kai za ka nemi taka daga tushe. Ko ta wace hanya, safiyo mai rajista zai sake auna filin da sunanka, a duba a ofishin babban safiyo na jiha a tabbatar bai faɗa cikin filin da gwamnati ta karɓe ba. Ka nemi magadan nan tun manyansu suna raye. Na ga inda aka bari sai da dattawan suka ƙare, jikoki suka ce su ba su san an sayar ba, aka koma biyan kuɗin sa hannu kamar ana sabon ciniki. Ka kuma haɗa shaidar biyan harajinka da rasit na harajin gida na shekara-shekara, za a tambaya.

Dattijon Idi-Araba: Barista ya faɗi gaskiya. Mu da muka zo Ikko tun ana hawa jirgin ƙasa daga Kano a sauka Iddo, abin da ya cuce mu ke nan. Mun riƙe amana da baki, mun raina takarda. Mutum zai sayi gida ya ce ai Baale, mai unguwar Yarabawa, ya sani, Sarki ya sani, liman ya sani. Yau duk waɗanda suka sanin suna ƙasa. Gidaje nawa na sani da 'ya'ya suka rasa bayan uba ya rasu, ba don an fi su gaskiya ba. Yaro, wannan ƙin da aka yi maka wataƙila rahama ce, ya tona maka ramin da 'ya'yanka za su faɗa.

Baban Ummi: Allah ya ƙara girma Baba. Wallahi jikina ya yi sanyi. Ni ɗaki na zo nema, ga shi ana gaya mini gidan ma da sauran magana.

Birkila: Alhaji me zai hana ka hau sama? A cire kwano a zuba dakin na kankare, ka yi ɗaki uku a sama, yara su koma can, Hajiya ta ɗauki ɗakin ƙasa. Ba ruwanka da katanga. Ina da yara, wata biyu mun gama.

Injiniya: Malam Birkila, da wane tushe? Gidan da aka yi don ya ɗauki kwano da silin, mai yiwuwa bulo mai inci 6 ne, babu ginshiƙi ko ɗaya, ka ɗora masa kankare da mutane? Hawa sama ma izini yake so, kuma ya fi wannan wuya. Sai an gwada ƙarfin tsohon ginin, akwai hukumar gwajin kayan gini ta jiha da ke wannan, a haƙa a ga tushe, a gwada ƙasa. Sau da yawa sai an sassaƙa bango an dasa ginshiƙai tun daga ƙasa, kuɗin ya kusa na sabon gida. Kun manta Ita Faji? Ranar 13 ga Maris 2019 bene ya rufta a tsibirin Legas da makarantar firamare a samansa, kusan mutum 20 suka rasu, da yawa yara. Na Ikoyi mai hawa 21 a titin Gerrard, 1 ga Nuwamba 2021, sama da mutum 40. Tun daga nan ido ya ƙara buɗewa a kan duk wanda aka ga yana ɗora bene.

Birkila: Ni dai ban taɓa yin gini ya faɗi ba.

Ɗan Zango: Tukuna dai.

Injiniya: Ku bar wasa, ga abin da nake gani. Alhaji yana da mita 8 a baya. Shi ya so ɗaki mita 4 a jikin katanga, tsakar gida mita 4 a tsakani. To a juya. A manna ɗakin Hajiya da bangon gidan, ya fito mita 4, sai a bar mita 4 tsakaninsa da katanga. Doka na son 3, ka ba ta 4. Ko taku ɗaya ba ka rasa ba, tsakar gidan ce kawai ta koma baya. Ta fi ma sirri, don duk wanda ya shigo gidan ba zai gan ta ba. Faɗin filin kusan mita 18 ne, cire 3 nan cire 3 can, saura 12, ya ishi ɗaki da banɗaki da ɗan falo har da ragi.

Maman Sadiq: Injiniya a takarda ya yi kyau. Amma ku maza kuna zana gida kamar ba a girki a cikinsa. Tagar kicin ina take kallo? In baya take kallo, ka toshe ta, hayaƙi da zafi su kashe Maman Ummi. Ɗakin da ke baya shi ma tagarsa fa? Sokawe ina yake? Yawancin gidajen nan a baya ake haƙa shi, kada a wayi gari gadon Hajiya a kan rami yake. Sannan tsohuwa mai ciwon ƙafa, kada a yi mata matakala ko ɗaya, banɗaki ya zama na zama, da ƙarfen kamawa a bango, tayil ɗin kuma ba mai santsi ba. Kuma a yi mata ƙofarta ta waje. Surukai a ƙofa ɗaya, ko waliyyai ne sai an ji kansu. Ni na zauna da tawa shekara tara, Allah ya ji ƙanta, mun rabu lafiya ne saboda kowa da ƙofarta.

Injiniya: Hajiya kin fi ni gaskiya, na sallama. Shi ya sa ba a zane daga hoto, sai an zo an auna. Baban Ummi, me ke bangon baya?

Baban Ummi: Daga hagu kicin ne, sai ƙofar baya ta lungu, sai sito, sai ɗakin 'yan mata a dama. Ɗakin yana da taga biyu, ɗaya baya ɗaya gefe. Sokawe yana kusurwar hagu bayan kicin.

Injiniya: To Allah ya taimake ka. A bar hagu yadda take, kicin ya sha iska, mai kwashe sokawe ya samu hanya. A yi ginin daga sito zuwa dama. Tagar baya ta ɗakin yara za ta tafi, sai a faɗaɗa ta gefe. Falon Hajiya zai ƙanƙance, wannan kam sai haƙuri.

Saura batun tsohon gidan. In ba a taɓa yi masa izini ba, ko an yi ya ɓata, akitek zai auna shi yadda yake tsaye ya zana, a shigar da shi tare da ƙarin, a daidaita shi. Akwai kuɗin da za a yanka maka, da tara a kai. A 2024 gwamnati ta buɗe ƙofar afuwa daga 2 ga Mayu, kwana 90 da farko, aka yi ta ƙarawa har ƙarshen shekara, mutane suka daidaita gidajensu ba tara. Mutanenmu ƙalilan ne suka je, na yi ta faɗa a masallaci ana cewa tarko ne. Ka tambaya ko akwai irinta a buɗe lokacin da za ka shigar. Kuma duk abin da za ka biya, a ba ka takardar kuɗi ta gwamnati ka biya a banki da sunanka, ka riƙe rasit. Akitek ka tambaye shi lambarsa ta ARCON, injiniya ta COREN, wato hukumomin da ke yi musu rajista. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambayar.

Ɗan Zango: Duk wannan kafin a gama Hajiya ta shekara a ɗakin jikoki. Ni fa tausayin yaran nake ji, 'yan mata a falo, baƙo ya zo sai an tashe su.

Barista: Wannan gaskiya ne, ba zan ce maka gobe za a gama ba, takardar fili musamman tana cin lokaci. Amma akitek ya fara tambaya ko za su karɓi shaidar cewa an shigar da neman takardar, aikin biyu su tafi tare. Na wucin gadi kuma, gyaran cikin gida da bai taɓa ginshiƙi ko bangon da ke ɗauke da nauyi ba, kamar raba falo da katako, wannan ba ƙarin gini ba ne.

Mai Tumatir: Ni dai na faɗi tawa. Amma in za a je wurin magadan a kira ni, na san yadda ake magana da omonile, 'ya'yan masu ƙasa, kada su ga Alhaji da babbar riga su ninka.

Baban Ummi: Salam jama'a, na dawo da bayani bayan kwana tara. Na je ofishin da kaina da takardar a hannu, wata ma'aikaciya ta zauna ta bi dalilan da ni ɗaya bayan ɗaya, kusan abin da Injiniya ya faɗa ne. Ta kuma nuna mini abin da aka biya da sunana a fayil, bai kai rabin abin da na ba mutumin nan ba. Na kira shi, wayarsa a kashe har yau. Na bar shi da Allah, amma Barista ya ce in adana duk saƙonninmu.

Akitek ta zo ta auna ranar Asabar. Sararin baya mita 7 da rabi ne, ba 8 ba, don haka tsakar gidan za ta ɗan ragu. Babban ɗan tsohon mai gidan yana nan da rai a Abeokuta, ya ce akwai wata tsohuwar takarda a akwatin babansu, zai duba. Mun raba falo da katako, yara sun samu inda za su rufe ƙofa.

Na nuna wa Hajiya sabon zanen a waya. Ta daɗe tana kallo, ta ce ita duk ba ta gane layukan nan ba, tambayarta ɗaya, in ta shimfiɗa tabarma a bayan za ta ga sama? Na ce za ta gani. Ta ce to a bar mata wurin da za ta ɗaure akuya.

Bulon nan 600 da yashi kuwa, akitek ta ce kada in bar su a ƙofar gida, ana iya ɗauka na fara aiki. In akwai mai bukata a kusa da Agege ya yi mini magana ta gefe, zan bayar yadda na saya, amma shi zai kawo mota.